Malalacin Kogi da Motar Tafi-da-gidanka: Yadda Iyalan Amurka Ke Sayen Hutu

Kowane kogi da muka sani yana da mafari, yana kuma da inda ya dosa. Kwara ta taso daga tsaunukan Gini ta ratsa ƙasashe har ta zube a teku. Kogin Haɗeja ya miƙa gabas yana neman tafkin Chadi. Amma a Amurka akwai wani irin kogi da ba ya fitowa daga ko'ina, ba ya kuma zuwa ko'ina. Siminti aka zuba aka yi masa kwari mai lanƙwasa, kamar macijin da ya ciji wutsiyarsa, aka cika shi da ruwa, aka binne injuna a gefe suna tunkuɗa ruwan a hankali, ya yi ta zagaye tun hantsi har almuru. Zurfinsa bai wuce ƙugun babban mutum ba, saurinsa kuma bai kai na mai tafiya a ƙasa ba. Mutum zai ɗauki wata roba mai iska, irin tiyub ɗin tayar babbar mota, ya zauna a cikinta ya miƙe ƙafa, ruwa ya ɗauke shi. Bayan minti goma ko sha biyar sai ga shi a inda ya shiga. Su da kansu suka raɗa masa suna a harshensu, ma'anar sunan kuwa ita ce malalacin kogi, ko da yake a ganina an ɗora wa kogin laifin da ba nasa ba. Shi dai aikinsa yake yi, na cikinsa ne ke kwance.

Wannan kogi ya zama abin da ake fara tallatawa a wuraren da iyalan Amurka ke zuwa hutun bazara, kuma kalmar da ta fi dacewa da irin waɗannan wurare a Hausa ita ce zango. Fili ne babba a bayan gari, an yanka shi fegi-fegi, ayari ya sauka, kowa ya kama wurinsa, a hura wuta da dare. Bambancin kawai shi ne, fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja riba suka fita nema, waɗannan kuwa ribar da suka tara a shekara suka zo kashewa. Maimakon jakuna da takarkarai, motoci ne masu ɗakin kwana da madafa da makewayi a ciki. Mun daɗe muna cewa tafi-da-gidanka muna nufin wayar hannu, ko kotun da ke bin masu karya dokar tsaftar muhalli. A can ne na ga kalmar ta koma kan ainihin ma'anarta: ga gidan, ga tayoyi a ƙarƙashinsa, ga mai gidan a kan sitiyari.

Na yi karatun digirin digirgir a Madison, babban birnin jihar Wisconsin, garin da ke zaune tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona. Wanda bai yi hunturun can ba, da wuya ya fahimci irin zumuɗin da mutanen suke yi a kan rana. Tafkin nan gaba ɗaya yakan daskare, har ka ga mutum ya taka a kansa ya huda rami ya zauna yana kamun kifi. Wata huɗu ko biyar yara ba sa fita sai an naɗe su kamar kayan sayarwa. Saboda haka idan zafi ya shigo, daga Litinin ta ƙarshe a watan Mayu zuwa Litinin ta farko a watan Satumba, sai ka ga kamar an buɗe wa awaki garke. Makarantu na rufe, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, kowa na lissafin makonnin da suka rage masa kafin sanyi ya dawo.

Wani dattijo Bature, mai gyaran na'urori a sashenmu, wanda a lokacin ya kusa ritaya, shi ya matsa mini lamba. Ya ce in kawo yaran su ga ruwa, littafi ba ya gudu. A watan Agusta na 2014, bayan Ƙaramar Sallah, mun fito daga azumin da kowace rana ke kai kusan awa goma sha bakwai, muka bi shi da matarsa zuwa wani zango a yankin Wisconsin Dells, tafiyar kamar awa ɗaya arewa da Madison. Shi yana jan gidansa da a-kori-kura, mu kuma muka kama hayar wani ɗan ɗakin katako, ni da mai ɗakina da 'yarmu mai shekara tara da ƙaninta mai shida. Garin Wisconsin Dells mazaunansa a lokacin ba su cika dubu uku ba, amma miliyoyin baƙi ke zuwa duk shekara, kuma yana kiran kansa hedikwatar wuraren wasan ruwa ta duniya. Noah's Ark, wanda aka buɗe a 1979, yana nan a yankin, a kan fili mai eka 70.

Kowane fegi a zangon yana da lamba, da teburin katako, da zoben ƙarfe na hura wuta, da wani ɗan turke mai ɗauke da soket ɗin lantarki da kan famfo, ga kuma bututun da ake haɗawa da mota don kwashe ƙazanta. Wasu motocin sun kai girman luksuriyas ɗin da ke zuwa Legas, tsawonsu ya haura mita goma sha biyu, idan sun tsaya sai bangonsu ya zamo waje, falo ya ƙara faɗi. Akwai na'urar sanyaya ɗaki a kan rufi, akwai firji, akwai talabijin har a jikin motar ta waje, don kada mai gasa nama ya rasa kallon ƙwallo. Manyan cikinsu lita ɗaya ta mai ba ta kai su kilomita huɗu. A gefensu kuma ga wani saurayi da matarsa da jariri a cikin tantin da bai fi tabarma biyu ba. Na tsaya ina kallon wannan ikon Allah: mutum ya gudu daga gidansa wai zai shiga daji, amma ya taho da duk abin da ya gudu ya bari. Daji ne da aka cire wa ƙaya, aka kore masa macizai, aka sa masa dokar yin shiru daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Al'adar ta girmi malalacin kogi nesa ba kusa ba, kuma tare da mota aka haife ta. Henry Ford da Thomas Edison da Harvey Firestone sun riƙa fita yawon daji tare da tantuna da masu dafa musu abinci, 'yan jarida na biye da su, har Shugaba Warren Harding ya kai musu ziyara a 1921. Mai sayar da mota da mai sayar da taya suna nuna wa jama'a daɗin doguwar tafiya a mota. Mai karatu ba ya buƙatar a fassara masa wannan. A 1919 aka kafa ƙungiyar masu yawo da mota a Tampa ta jihar Florida, waɗanda aka yi wa laƙabi da abincin gwangwanin da suke ci a hanya. Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream mai ƙera tireloli masu ƙyallin azurfa, har Afirka ya jagoranci ayari, daga Cape Town zuwa Alƙahira, a tsakanin 1959 da 1960. Sai dokar gina manyan tagwayen hanyoyi ta 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, ta buɗe ƙasar gaba ɗaya. A 1962 wani ɗan kasuwa a Billings ta jihar Montana, Dave Drum, ya lura da motocin da ke wucewa zuwa bajekolin duniya na Seattle ba su da wurin kwana, ya buɗe fili a bakin kogin Yellowstone yana karɓar dala 1.75 a dare. Daga nan kamfanin KOA ya samo asali, yau yana da zangon da ya haura 500.

Wanda ya gane cewa yaro ne ke zaɓar wa iyali wurin hutu shi ne Doug Haag, wanda ya buɗe Jellystone Park na farko a Sturgeon Bay, a cikin jihar Wisconsin ɗin nan, a 1969, ya sa masa sunan dajin wani beyar na zanen barkwanci da yaran Amurka ke so. Shi kuwa wasan ruwa na zamani, George Millay ake danganta shi da shi, mutumin da ya buɗe Wet 'n Wild a Orlando a 1977. Amma tun kafin siminti mutanen Texas suna shawagi da tiyub a kogunan Comal da Guadalupe, kuma Schlitterbahn da aka buɗe a New Braunfels a 1979 da ruwan Comal ɗin ya fara. Wato an ga abin da kogin Allah ke yi wa mutane, aka kwaikwaye shi, aka cire masa ambaliya da duwatsu da zurfi, aka sa masa ƙofa da mai karɓar kuɗi.

Ranar farko mai ɗakina ko kusa da ruwan ba ta je ba. Ta dubi jama'ar da ke kai da kawowa, ta dube ni, ta ce, “Malam, a cikin wannan tsiraicin kake so in shiga?” Ta samu inuwa ta zauna tana tsaron takalma. Washegari da sassafe, kafin mutane su cika, ta sa doguwar rigar iyo mai rufe jiki da kai da ta saya tun a Madison, ta taho. Wata budurwa daga cikin masu tsaron ruwan ta tare ta, ta taɓa yadin, ta ce auduga ce kawai aka hana saboda zarenta na toshe matatar ruwa, wannan ba laifi. Sannan ta yi murmushi ta yi mana sallama irin ta Musulunci. Ashe ɗaliba ce daga Turkiyya. Dubban ɗalibai irinta ke zuwa yankin duk bazara da bizar aikin wucin gadi, daga Turkiyya da Bulgeriya da Romaniya da Jamaika, su ne ke tsaron ruwa da share ɗakuna da soya dankali. Hutun Ba'amurke a kafaɗar ɗan wata ƙasa yake, kamar yadda abubuwa da yawa suke a can.

Abin da na gani a cikin kogin shi ya sa nake wannan rubutu bayan shekaru. Wani ƙaton mutum, jikinsa duk zane, irin wanda za ka kauce wa a tasha, yana kwance a kan roba, hannunsa ɗaya riƙe da robar 'yarsa ƙarama don kada ruwa ya raba su, ya fi awa ɗaya a haka suna surutu. Wata tsohuwa da aka taimaka wa ta sauko daga keken guragu, ruwa ya ɗauke mata nauyin jikinta, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da jikokinta, abin da ba za ta iya a tudu ba. Sauran wasannin ruwa duk suna rarraba iyali: wannan sai mai tsayi kaza, wancan sai mai ƙarfin zuciya, uwa tana ƙasa tana riƙe da tawul. Malalacin kogi ne kaɗai ke ɗaukar kaka da jika a gudu ɗaya. Ba a tsere, ba wanda ya riga wani, tunda duk wanda ya wuce ka zai sake zagayowa ta bayanka. Sannan ruwa da waya ba sa ga-maciji, saboda haka yawancin mutane sun bar wayoyinsu a mota.

A zagaye na uku ko na huɗu, ina riƙe da robar 'yata kamar yadda na ga wancan ƙaton ya yi, sai ta ce, “Abba, in faɗa maka wani abu?” Ta ba ni labarin wata yarinya a ajinsu da ta shafe zangon karatu guda tana kwaikwayon yadda take furta wasu kalmomi, sauran yara na dariya, har ta daina ɗaga hannu a aji ko da ta san amsa. Wata huɗu tana ɗauke da wannan. Karatun digirgir yakan fitar da uba kafin yara su tashi, ya dawo da shi bayan sun yi barci, kuma yaro ba ya ba da irin wannan labari a tsaye, ko a bakin ƙofa, ko ga mutumin da idonsa ke kan kwamfuta. Yana buƙatar ya tabbata babu inda za ka. A cikin kogin nan kuwa babu inda za ni, ita ma ta sani. Da aka koma makaranta na je na ga malamar ajin, aka yi wa tufkar hanci.

Bahaushe ya san wani abu da yake kira hutun jaki da kaya a ka, kuma shi ne hutun da yawancinmu muke yi. Malamin jami'a idan an ce an yi hutu, to lokacin duba takardun jarrabawa ne da karanta kundayen ɗalibai, abin da ya rage kuma na ɗaurin aure ne da ta'aziyya da zuwa ƙauye. Ba na raina wannan, domin zumunci ne, kuma shi ne dukiyar da muka fi su. Dattijon nan da ya gayyace mu ya gaya mini a bakin wuta cewa ɗansa na wata jiha, 'yarsa na wata, kuma makon nan guda shi ne kaɗai lokacin da yake ganin jikokinsa a wuri ɗaya a shekara. Abin da tsakar gidan kakana ke bayarwa kyauta kowace yamma, shi sai ya tanadi kuɗi ya kama wuri tun watanni kafin lokaci. Sai dai ina duban unguwannin da muke ginawa yanzu, kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe, dandali ya zama shaguna, tatsuniya ta koma waya, ina tambayar kaina shekara nawa suka rage kafin mu ma mu fara sayen abin nan. A zumuncin namu ma, uba yakan kasance cikin manya, yara cikin yara. A yi mako guda a ƙauye bai zauna da 'yarsa minti goma su biyu ba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amurka ba ta da dokar tarayya da ta wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi, ko da na kwana ɗaya. Ƙasashen Tarayyar Turai mako huɗu ne mafi ƙaranci, Faransa biyar, har dokar ƙwadago ta Najeriya ta yanka kwana shida na aiki bayan shekara guda. Saboda haka wanda ka gani kwance a malalacin kogi, ko dai yana da aikin da ke ba da hutu, ko kuma ya sayi kwanakin da albashinsa. Wannan ne ya sa suke hutun kamar masu cika aiki, da jadawali a manne a jikin firji. Masu zangon kuma sun san lissafinsu. Fili da famfo da lantarki kowa na iya samarwa, kuma ba a iya tsawwala musu kuɗi. Amma idan aka gina kogi, iyalin da da za su kwana ɗaya su wuce sai su yi biyar, ba sa fita gari, a ciki za su sayi abinci da itacen wuta da ƙanƙara, su yi hayar 'yar ƙaramar mota mai batir da ake yawo da ita tsakanin feguna. A zangon da muka sauka, kuɗin da aka rubuta a intanet daban, wanda muka biya daban: ga na abin ɗaurawa a hannu da ke ba yaro izinin shiga ruwa, ga na share ɗaki, ga wani da aka kira kuɗin wurin shaƙatawa wanda har muka tafi ba wanda ya iya gaya mini aikinsa. Harkar ta bar hannun mata da miji masu ɗan fili a bakin hanya, tana komawa hannun manyan kamfanonin gidaje irin su Sun Communities da Equity LifeStyle Properties, masu hannun jari a kasuwa.

Su kansu motocin, mafi yawansu a yanki ɗaya ake ƙera su, Elkhart ta jihar Indiana da kewayenta, kuma masana tattalin arziki kan dubi garin don su san lafiyar aljihun Amurkawa, tunda motar hutu ce abin da mutum ke fara fasa saye idan ya ji tsoro. A 2009 rashin aikin yi a can ya doshi kashi 20 cikin 100, har Shugaba Obama ya je garin makonni kaɗan bayan rantsar da shi. Da annobar korona ta hana shiga jirgi da otal, sai kasuwar ta yi tashin gwauron zabi: a 2021 an fitar da motoci sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya faɗo kusan rabi.

Akwai abin da ido ke gani a zangon ko ba a nuna masa ba. A kwana huɗun da muka yi, baƙar fatar da na ƙirga ba su cika yatsun hannu biyu ba, har da mu. Ba wanda ya yi mana kallon banza, gaskiya ɗaya ce. Maƙwabtanmu har alewar nan mai laushi kamar auduga da suke gasawa a wuta suka miƙo wa yara, sai da muka duba abin da aka haɗa ta da shi muka ba su haƙuri. Amma rashin baƙar fata a bakin ruwa yana da tarihi. Shekaru da dama wuraren iyo na gwamnati a garuruwa da yawa haramun ne gare su, kuma baƙin da zai yi doguwar tafiya a mota sai ya riƙe wani ɗan littafi da Victor Hugo Green ya fara bugawa a 1936, mai nuna inda za a yarda ya kwana ko ya sha mai. A gandun dajin Shenandoah har zango daban aka ware musu. Ranar 18 ga Yuni, 1964, a St. Augustine ta jihar Florida, manajan wani otal ya zuba asid a cikin wurin iyo saboda baƙaƙe da farare masu zanga-zanga sun shiga tare. Makonni biyu bayan haka aka sa hannu a dokar 'yancin jama'a. Birnin Jackson na Mississippi kuwa ya gwammace ya rufe wuraren iyonsa da ya bari a cakuɗa, kuma a 1971 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce yana da ikon yin haka.

Uwar da ba a bari ta koyi iyo ba, tsoron ruwa za ta gadar wa 'ya'yanta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kimanin mutum 4,000 ke nutsewa a ruwa duk shekara, kuma nutsewa ce ta fi kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. A cikin 'yan shekara 10 zuwa 14, yaran baƙar fata na mutuwa a wuraren iyo fiye da ninki bakwai na yaran farare. Nan ne maganar ta taɓa ni kai tsaye, domin ni a kududdufi na koyi iyo, a ɓoye, da bulala a ƙarshensa idan an gane, kuma cikin waɗanda muka yi wasan tare akwai wanda ruwa ya ci, akwai da yawa da suka sha fama da tsargiya. Duk damina muna jin labarin yaran da suka nutse a kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar bulo, mu yi addu'a mu wuce, kuma maganin da muka sani shi ne hani. Hani kuwa bai taɓa raba yaro da ruwa ba. Malalacin kogi ba ya koya wa kowa iyo, roba ce ke yin aikin, amma a nan ɗana ya daina ƙanƙame wuyana idan ruwa ya taɓa masa ƙirji. Da muka koma Madison na sa su duka biyu a ajin koyon iyo.

A can ƙarshen zangon, nesa da kogi da kiɗa, akwai wani layi da motocinsa ba su da ƙyalli. Tayoyinsu sun nutse a ciyawa, an kewaye ƙarƙashinsu da katako don tare iska, ga tukunyar gas babba a gefe. Waɗannan ba hutu suka zo ba. Dattijon ya ce wasunsu ma'aikatan zangon ne da ake biya da wurin ajiye mota da ɗan abin da ba a rasa ba, wasu kuma hayar gida ce ta fi ƙarfinsu. 'Yar jarida Jessica Bruder ta rubuta littafi a kan irinsu a 2017, mai suna Nomadland, tsofaffin da rikicin tattalin arzikin 2008 ya raba da gidajensu suka koma bin aikin wucin gadi daga jiha zuwa jiha, kuma fim ɗin da aka yi da shi ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Mota iri ɗaya ce, amma wani ya saye ta don ya huta da gidansa, wani kuma ita ce ta rage masa. Na tuna yadda muke kallon Bafulatanin da ke ɗora bukkarsa a kan sa ya bi ciyawa, muna cewa bai waye ba, alhali ga attajiri ya zuba dala dubu ɗari biyu ko uku don ya ɗanɗani irin rayuwarsa na mako biyu.

Ruwan kogin ba zubar da shi ake yi ba, tace shi ake yi a sa masa kulorin ya sake zagayowa, abin da ke raguwa shi ne wanda rana ta shanye da wanda aka fantsalar. A Wisconsin mai tafkuna dubbai wannan ba abin damuwa ba ne. A Arizona da Nevada, inda gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin Colorado a karon farko a 2021, ganin kogin wasa a tsakiyar hamada yana da nauyi a ido, ko me masu shi za su ce game da lissafi. Kulorin ɗin ma ba ya kashe komai nan take. Akwai ƙwayar cutar gudawa da ke iya yin fiye da mako guda a cikinsa da ranta, shi ya sa suke da tsanani a kan jarirai da masu ciwon ciki.

Bayan mun dawo gida na kai su Yankari, a jihar Bauchi, muka sauka matakalar nan zuwa Wikki. Ruwa na ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kana ganin farin yashi a ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana gangarawa a hankali ƙarƙashin inuwar itatuwa zuwa kogin Gaji. Babu inji, babu kulorin, babu mai kunnawa da safe. Abin da injiniyoyin Amurka ke kashe miliyoyin daloli su kwaikwaya ke nan, kuma tun 1962 aka buɗe dajin ga masu ziyara. Yaran suka faɗa ciki suna iyo da hannuwansu, ni ina tsaron jakar abinci saboda gwaggon biri. A ranar, iyalan da suka zo da yara ba su fi a ƙirga ba. Yawanci ɗalibai ne da aka kawo a bas da kuma samari. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsadar mai, halin hanya, fargabar tafiya, da kuma rashin lokacin da mata za su shiga ruwa hankali kwance, wanda tsari ne da ba ya cin ko kwabo.

Nasu kogin kuwa wata uku ne rayuwarsa a jihohin arewa. Da zarar an wuce Litinin ta farko a Satumba sai a kashe injuna, a zuƙe ruwan, a hura iska a cikin bututu don kada ragowar ya daskare ya fasa su, a tara robobin a sito. Ɗaliban Turkiyya da Jamaika su hau jirgi su koma karatu. Masu hali daga cikin tsofaffi su juya akalar motocinsu kudu, zuwa Florida da Texas da Arizona, su yi hunturu a can. Dattijon namu ba ya cikinsu. Shi yakan ja tirelarsa zuwa bayan gidansa, ya ɗura wa bututunta wani ruwa mai launin hoda da ke hana daskarewa, ya lulluɓe ta da tamfol, dusar ƙanƙara ta rufe ta har watan Afrilu. Kafin ya bar zangon kuwa sai ya biya ta ofis ya ajiye kafin alƙalami na baɗi, fegi mai lamba ɗaya da na bana, saboda jikarsa ta ce daga nan ne ake jin ƙarar ruwan da dare.